Inda Hannun Kaka Ya Tsaya

"…da gajiya? Lafiya lau. Mutanen gidan fa? To madalla. Na amsa gaisuwa, sai ka juya."

A bakin ƙofar ɗakinta Kaka ta tare jikanta, ta damƙe labule ta baya da hannu biyu. Jikan nan sana'arsa ƙawata ɗakunan mutane, shi ya sa tun ranar da ya fara ta laƙaba masa Mai Labule, kuma ba don yabo ba. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, yana kallonta.

"Ikon Allah. Yau miji ake kora daga ɗakin matarsa? Tsohuwa, wa kika ɓoye a ciki?"

"Wanda ya fi ka. Mai sana'ar maza, ba mai auna taga ba."

"To ya fito mu gaisa. In ya ga haƙoranki da rana bai gudu ba, na bar masa ke har da tukuici."

"Haƙoran da na ƙarar wajen tauna maka abinci, mara kunya."

Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska.

"Wannan kishiyin nawa turaren fenti yake shafawa?"

"Maƙwabta ne ke aiki."

"Maƙwabtan ne suka shafa miki kore a kunne?"

Kaka ta kai hannu kunne da sauri. Garin haka labulen ya kuɓuce, Mai Labule ya sunkuya ta ƙarƙashin hammatarta ya faɗa ɗakin. Ta bi shi tana "kai, kai, kai," ta riga shi isa bangon da ke fuskantar taga, ta juya ta jingina da shi ta baza hannuwa, wai ta rufe. Jikin tsohuwa nawa yake da zai rufe bango?

Bangon dai ga shi nan. Daga ƙasa kore ne shar mai duhu, yana ƙyalli kamar an zuba masa mai. Da ya kai inda hannun Kaka ke tsayawa sai ya tsaya shi ma, a karkace, nan ya hau can ya sauka. Wuri ɗaya ya yi tozo, inda ta taka kujera kafin jiri ya sauko da ita. Kwabar kayanta tana inda take, an zagaye ta da fenti ba a matsar da ita ba. Gwangwanin fenti na kife a ƙasa, babu ko ɗigo.

Mai Labule ya bi bangon da kallo daga ƙasa har sama, yana danne dariya. Kaka ta harare shi.

"Yi dariyarka ka huta, kada ta kumbura ka."

"Ba dariya nake ba, jaje nake wa bango. Ambaliya aka yi? Don na ga iya inda ruwa ya kai."

"Bakinka ya sari dutse."

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta, su ma kore.

"Aljanu."

"Gajerun aljanu kenan."

Abin da ya faru, matar direba da ke gidan gaba ce 'yarta ta sa aka gyara mata ɗaki, ta tara matan layi suna shafa kujeru suna salati. Kaka ta ga ana yabon wata a gabanta, bakinta ya riga hankalinta. Ta ce ai ita jikanta ya daɗe da gama mata nata, kunya ce ta hana ta talla. Nan take matar direba ta ce to za su zo su gani, aka tsayar da yau bayan la'asar. Kaka ta dawo gida ta rasa bakin da za ta roƙi yaron da ta daɗe tana yi wa sana'arsa dariya. Sai ta yafa mayafi ta nufi shagon fenti da kanta.

Da ta gama ba shi labarin, a gutsure, tana haɗawa da tsaki, Mai Labule ya ɗora hannu a ka.

"Ni kika ce? Ni na yi wannan? A gaban matar direba, wadda kafin ta kai ƙofar gida labari ya riga ta isa kasuwa?"

"To da wa zan ce? Jikan wani?"

"Kin kashe ni, tsohuwa. Wa zai ƙara ba ni ko bayan gida in gyara? Shekara da shekaru ina lallaɓa sunana, kin zo kin shafe shi da buroshi ɗaya."

"Da tsumma na ƙarasa. Buroshin ya gaji."

"Kuma wannan fentin ƙofar ƙarfe ne! Wa ya ba ki?"

"Na ce wa mai shago ya ba ni mai ƙyalli wanda ba ya fita. Laifinsa ne da ya ji magana."

Ya zauna a bakin gado ya tallabe haɓa. Can ya ɗago.

"Tsaya ma tukuna. Me ya sa bango ɗaya? Me ya sa kore?"

"Haka ya zo mini."

"Daga ina?"

"Daga kaina. Ko an ce maka ba kowa a ciki?"

"Kaka."

Ta juyar da fuska wajen taga.

"Ba kai ba ne kake cika mini ido da hotuna a wayarka? Wai manyan masu ƙawata gidaje na duniya. Akwai wani mai farin ɗaki fayau, kujera ɗaya da tukunyar ganye, kamar an yi masa sata. Wannan ko kyauta ba na so. Akwai mai ɓoye fitilu a lungu-lungu, haske na fitowa ba ka ga inda ya fito ba, shi dai da dama-dama. Sai wata mata, wadda ta bar bango uku fari ta yi ɗaya kore, ta jingina tsohuwar kujerar katako da ƙaramin kilishi ja a gabanta, labulenta tun daga sama har ƙasa. Ɗakin nan in ka kalle shi sai ka ji kamar ka sha ruwan sanyi."

Ta ankara da ta yi yawa, ta kama bakinta. Mai Labule ya miƙe tsaye a hankali.

"Ƙaramin kilishi ja. Ni kaina na manta da kilishin nan. Ba ke ce kika ce in kawar miki da wayar ba, wai aikin marasa abin yi ne? Ashe ta wutsiyar ido kike haddacewa!"

"Ido ne, ba ya da ƙofa."

"Wayyo ni, matata ta kamu da son sana'ata a ɓoye!"

"Rufe mini baki kafin in taso maka."

"Taso mana."

Ta yunƙura. Bango ya ce bai san wannan ba. Mayafi da ɗankwali sun manne, sai da ta fizga da ƙarfi suka saki da wata ƙara kamar an yage takarda. Ta waiwaya. Ga shatin bayanta nan a jikin kore, kafaɗu da ƙeya, har da zanen furannin mayafin.

Nan fa Mai Labule ya faɗi kan gado yana riƙe ciki. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta zauna a ƙasa, ta ja bakin mayafin ta rufe rabin fuska, muryarta ta yi ƙasa.

"Yi ta yi. Anjima ma haka za su yi, sai dai su ba za su yi a gabana ba. Da furfurata a ce na yi ƙarya saboda bango. Gara in kulle ɗakin in ce ba ni da lafiya."

"Su zo dubiya kenan, su zauna su daɗe."

"To in ce na yi tafiya."

"Da koren kunne? Duk inda kika je za a gane ki."

Ya tashi ya je gaban bangon, ya ja baya, ya karkata kai, ya auna da tafin hannu daga ƙasa zuwa inda fentin ya tsaya. Dariyar ta bar fuskarsa, idon aiki ya dawo.

"Zai gyaru."

"Kada ka yi mini wasa da rai."

"Rabin bango ma ana yi, da gangan, sama fari ƙasa launi. Naki dai layin ne ya sha giya. Ina da dogon katako mai faɗi a shagona, in buga shi a kan layin ya haɗiye karkacewar, tozon nan in kankare shi. Hoton bayanki kuwa, dogon madubi zan jingina a kai, ya kalli taga, ɗakin ya ƙara haske. Labulen nan a ɗaga sandarsa kusa da silin. Kwaba kada wanda ya taɓa ta, asirinmu na bayanta. A kunna fanka, a buɗe taga, baƙi kuma a shimfiɗa musu can nesa, don in matar direba ta jingina, da bangon za ta koma gida."

"Kafin la'asar?"

"In an biya ni."

"Ga shi nan, halin ya fito. Me kake so?"

"Abu kaɗan. Ki faɗi sunan sana'ata. Da bakinki, yadda take."

"Mai Labule."

Ya ɗauki takalminsa ya nufi ƙofa. "A gaishe da matar direba."

"Dawo nan, ɗan nema! Mai… mai gyaran ɗaki."

"Mai shara ma gyaran ɗaki yake."

"Mai jera kujeru."

Ya sa ƙafa ɗaya waje.

Kaka ta kalli bango, ta kalli inuwar da ta fara karkata a tsakar gida.

"Mai ƙawata gida," ta ce da ƙyar. "Gwani. Kuma sana'a ce, na yarda. Na taɓa ta da hannuna, ga abin da ta yi mini."

"Ban ji ba, fanka na ƙara."

"Ba a ma kunna fankar ba, mugu!"

Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da hawaye, tana sharewa da bakin mayafi, kore na ƙara bin kumatunta. Ta kwance ƙullin gefen zanenta ta ciro alawa guda ɗaya, takardarta duk fenti, ta miƙa masa.

"Ungo, kafin alƙalami. Ka yi sauri. In za ka dawo ka taho da kananzir ka wanke matarka, kada a ce ita ma kai ka ƙawata ta."