Rasuwar Littafin 'Yar Bushiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Auta, a madadin kanta ita kaɗai, tana sanar da rasuwar littafin 'yar bushiya mai koren bango. An tarar da shi ranar Laraba da hantsi a ɗakin ajiya, ƙarƙashin buhun shinkafa. Ya rasu yana da shekara ashirin da shida a gidan.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya fi sau ɗari yana ba da labarin bushiyar nan da ta faɗa kwandon mai tumatir ta tafi neman bakin teku, bai taɓa ƙosawa ba. Ya jure ɗigon miya a shafi na goma sha biyu, da cizon mai haƙori biyu a kusurwa. Idan aka buɗe shi yakan ce ƙaras. Idan Baba ya rufe shi yakan ce faf, kowa kuwa ya san an tashi. Duk inda karatu ya tsaya, Baba, Allah ya jiƙansa, yakan rubuta kwanan wata da fensir a gefen shafi, da sunan wadda ta riga yin gyangyaɗi. Babu inda rubutun hannunsa ya saura a gidan sai nan.

Yaya Babba ce ta gaje shi. A watan jiya ta ba Auta aro bayan roƙo uku, kuma sai da ta ɗan riƙe shi kafin ta saki.

Ciwon daga gadon baya ya soma. Ɗinki ya saki, shafi huɗu suka zame. Mai ɗinkin littattafai yana nan bakin titi, tafiyar minti biyar. Auta ta kai har ƙofar shagon, ta tarar da maza uku suna hira, ta ji nauyin katse su, ta juyo. A gida ta dama fulawa da ruwan zafi, yadda suke liƙa takarda a firamare, ta shafe masa baya, ta danne shi da buhu don ya kama. Kwana tara ta ba shi. Ɓeraye suka bi ƙamshin fulawar. Da suka gama da baya sai suka bi gefe-gefe, daidai inda fensir ya bi.

Ya rasu ya bar bangon gaba, da shafi talatin da ɗaya, da rabin hoton bushiya a kan gada, da kwanan wata biyu kacal. Ya bar 'yar Yaya mai shekara biyar, wadda aka yi wa alkawarin za a fara karanta mata shi ranar Asabar. Ya kuma bar Yaya Babba, wadda har yanzu ba ta sani ba. Sau biyu ta kira jiya. Wayar ta yi ta ruri a kan tebur, Auta tana kallonta.

An tattara abin da ya rage a gwangwanin biskit. Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, a falo, da zarar Yaya ta ajiye jaka. A bakin ƙofa za a miƙa mata wannan takarda. Ba za a rufe gwangwanin ba sai ta duba da idonta. An roƙi Mama ta zauna a kujerar tsakiya, amma ta ce ranar tana da wanki.

Auta za ta tsaya a gefen tebur, ta jira Yaya ta gama karantawa ta ɗago kai.