Manhaja Mai Ladabi Ta Cinye Muryar Babana

Jama'a, yau raina ya ɓaci, kuma sai na amayar muku ko na samu sauƙi. Da sassafe na wanke ƙafa na tafi ma'ajiyar sauti ta hukuma in karɓo muryar marigayi babana, wanda ya daɗe yana karanta shirin manoma a rediyo. Inna ba ta gani yanzu, hotonsa ba ya yi mata amfanin komai, shi ne ta ce in samo mata muryarsa ta riƙa ji. Iyakar abin da ta roƙa ke nan.

Na zauna a benci har bayana ya ƙage, sannan aka shigar da ni wurin Mai Girma Shugaban Kwamitin Bitar Tsarin Manhaja, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Bangon ofishinsa cike yake da zanen akwatuna da kibiyoyi, wannan na nuna wancan, wancan na nuna silin. Ya buga umarni a baƙin allon wata kwamfuta, sai ga ƙunshin fayiloli da sunan Baba. Na matso kusa don murna. Ya kwance ƙunshin, ga jakunkuna reras, kowace shekara da tata. Ya buɗe ta farko, wayam. Ya buɗe ta gaba, wayam. Har ƙarshe ko tarin Baba babu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina muryar?"

Ko gezau bai yi ba, da alama ba ni ne na fara tambaya ba. Ya gyara zama ya ce, "Ka ga, da muna da wata tsohuwar manhaja mai ɗaure fayiloli wuri guda. Fitinanniya ce, ka kuskure harafi ɗaya ta tsaya tana yi maka musu. Sai muka sayo ƙanwarta ta zamani, aikinsu iri ɗaya. To akwai harafin da ake liƙa wa umarni don a shiga kowace jaka a kwaso abin da ke ciki. Sabuwar ba ta san shi ba, nata daban ne. Amma an yi mata tarbiyya: duk harafin yayarta da ba ta gane ba, sai ta karɓa ta yi shiru, ta ce an gama."

Wallahi da alfahari yake faɗa, kamar uban da 'yarsa ta zo ta ɗaya a aji. Ya ce kwamitinsu ya tare a otal, ya gwada umarnan tsohuwar ɗaya bayan ɗaya, babu wanda sabuwar ta ƙi. Wai shi ake kira dacewa.

Na ce, "Yallaɓai, duk yawanku ba wanda ya kwance ƙunshi ko ɗaya ya leƙa?"

Ya ce, "Malam, mu tsari muke dubawa. Leƙe aikin wani sashe ne."

"Wane sashen?"

"Ba a kafa shi ba tukuna."

Na tambayi tsofaffin fayafayan, ya ce an goge su an yi gwanjonsu, tunda komai ya shiga ƙunshi me za a yi da tarkace? Madalla da tsafta! Ni dai ban taɓa ganin ma'ajiya fes irin wannan ba.

A hanya na tsaya wurin maƙwabcina mai aski na zayyana masa. Ya ajiye almakashi ya ce, "Kai ma da abinka! Ai 'yar'uwarsu suka gani a manhajar nan. Wanda za a gaya masa abin da bai gane ba ya ce to, ranka ya daɗe, ai shi ake ƙara wa girma." Ya yi dariyarsa, ni kuwa ta ƙi zuwa, don na san abin da ke jirana a gida.

Na tarar Inna ta ɗaura zaninta na fita, ta sa an goge mata rediyo ta ajiye a cinya. Da jin takuna ta ce, "Ka samo?" Na durƙusa na gaya mata gaskiya. Sai ta ce, "To kai yi mini yadda yake buɗe shirin." Na gyara murya na gwada. Ta girgiza kai ta ce, "A'a, ba haka yake ja ba." Ta buɗe baki za ta gyara mini, ta tsaya, ta sake gwadawa. Can ta ce, "Ka ga, ni ma ta fara ɓace mini." Na fita tsakar gida na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Af, na ji an yaba wa kwamitin ƙwarai, har an ba su aikin gyara ma'ajiyar asibiti. Duk mai hoton ƙirji a can, ina ba shi shawara ya je ya gaisa da huhunsa tun yana nan.