Ranar da Na Gyara wa Hafsa Takobi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kunyata kaina a gaban iyayen yara ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidana ba za su bari ba.

Ni jikan maƙera ne daga Kano. Karatu ya kawo ni Makka, aure ya zaunar da ni a unguwar Ka'akiyya. Maganar gaskiya, ban taɓa ɗaga masaba ba. Iyakar aikina a maƙerar kakanmu zuga ce sau biyu, a na biyun ma korata aka yi don na cika wa mutane ido da toka. Amma a nan ba wanda ya san wannan tarihin, don haka duk wuƙar da ta dakushe a gidan maƙwabta sai na yi mata sharhi.

Sai 'yata Hafsa, mai shekara goma sha huɗu, ta shiga wasan takobi, wanda a nan ake ce wa mubaraza. Nata takobin siririn ƙarfe ne kamar tsinken tsire, ba shi da kaifi, sai ɗan maɓalli a tsininsa. In ka taɓa ƙirjin abokin karawa da shi, fitila ta kama, ka ci maki ɗaya. Shekara guda tana wasa da wani tsohon takobi na aro daga kulob. Da gasa ta matso, wadda za a zaɓi 'yan mata biyu su tafi Jidda, sai mai horar da su, Kaftin Salwa, ta ce lokaci ya yi da za ta mallaki nata. Hafsa kuwa ba ta da zance sai Jidda, har a kan abinci.

Wani dillali ya zo kulob da jakar takubba. Uwarta ta ce in bar yarinya ta zaɓa da kanta. Na ce haba, ana maganar ƙarfe a ce in zauna a mota?

Hafsa ta ɗauki ɗaya, ta dogara tsininsa a ƙasa, ya lanƙwashe, ta saki ya miƙe. Ta ce, "Baba, wannan hafif ne, ba nauyi, yana bin hannuna." Na karɓa, na ƙyasta shi da farce, na kara a kunne. (Ban san me nake saurara ba. Na dai ga kakanmu yana yi.) Na ce wannan ai bulala ce. Na bi jakar ɗaya bayan ɗaya har na zaƙulo wanda ya fi kowanne tauri.

Dillalin ya ce, "Ya ustaz, lanƙwasawar ita ce amfaninsa. Wannan zai gajiyar mata da hannu."

Na ce masa tun kafin a haifi babansa ake ƙera takobi a gidanmu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ala kefak," wato yadda na ga dama. Hafsa ta dube ni, ta dubi wanda ta so, ta ce, "Tayyib, shi ke nan, Baba." Sati guda ta yi tana atisaye da zaɓina, tana dawowa tana murza wuyan hannu, ni kuma ina cewa haka ƙarfen ƙwarai yake.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Ranar Juma'a bayan la'asar, ana gobe gasa, na fito da takobin don in yi masa duban ƙarshe. Sai na ga wani siririn kwari a bayansa, tun daga ƙota har tsini, cike da wani busasshen abu kamar dauɗa, da ɗan zare a ciki. Raina ya ɓaci da aikin kamfanonin zamani. Na ɗauko allurar uwarta na bi kwarin nan na ƙanƙare shi tas, zaren yana fitowa guntu-guntu. Na shafe shi da man zaitun, na goge har ina ganin gemuna a jikinsa. Na mayar cikin jaka ban gaya wa kowa ba, wai so nake ta ga abin mamaki.

Washegari na zauna a layin gaba kusa da yayan matata, Alhaji Bashir na unguwar Tandabawi. Kafin a fara na raɗa masa, "Ni na zaɓa, ni na gyara jiya da hannuna."

Aka kira Hafsa. Ta hau fili, ta jona takobin da wayar da ke jikin rigarta. Nan take wata farar fitila ta kama, na'ura ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ni dai na san fitila maki ce. Na miƙe tsaye na ce, "Allahu Akbar, ta ci!" Ko fara wasan ba a yi ba, abokiyar karawarta ma ba ta sa hular ragarta ba.

Alƙalin wasa ya karɓi takobin ya jujjuya, ya kira Kaftin Salwa. Ta bi kwarin da babban yatsa, ta dubi yatsan, ta shinshina. Ashe zaren nan shi ne wayar da ke kai saƙo daga maɓalli zuwa fitila, dauɗar kuwa gam ce da ta riƙe shi. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, "Wa ya cire wayar nan?"

Hafsa ta sunkuyar da kai ta ce, "Ana, Kaftin. Ni na goge shi."

Alhaji Bashir ya juyo a hankali ya zuba mini ido. Wallahi na yi tunanin in yi shiru, kuma wannan tunanin ya fi komai ba ni kunya har yau. Na sake miƙewa. Duk Larabcin da na yi shekaru ina karantawa ya gudu ya bar ni. Da ƙyar na haɗa, "Ni ne. Na zaci datti ne."

Kaftin ta ce, "Man kuma fa, ya ustaz?"

Na ce, "Na girki ne." Wata uwa a bayana ta fara dariya, dariyar ta bazu har layin ƙarshe.

Aka ɗaga wa Hafsa katin gargaɗi saboda ta zo da takobin da ba ya aiki, ta koma ga tsohon na aro. Can a tsakiyar karawar ta yi wani ɗan kuskure, wanda da gargaɗi kawai zai jawo mata, amma da yake na riga na cinye mata gargaɗin, sai aka ba abokiyarta maki. Da wannan maki ɗayan aka cinye ta. A sauran karawar ta yi ƙoƙari, ta ƙare ta uku. Biyu ake nema.

A mota, da muka kusa gida, na daure na ce, "Hafsa, me ya sa kika ce ke ce?"

Yarinyar da ba ta cika haɗa jimlar Hausa ba tare da Larabci ba, ranar nan kuwa da Hausa zalla ta amsa mini, tana kallon taga. "Baba, ai ka riga ka gaya wa kowa kai maƙeri ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

An sake wa takobin waya, amma Hafsa ba ta ƙara taɓa shi ba. Uwarta ke jawo abin da ya faɗa bayan firij da shi, ta ce taurinsa ya dace da aikin. Darasin da na koya kuwa gajere ne: gadon ƙira ba ya bin jini, a maƙera ake samunsa, ni kuma tun ina yaro aka kore ni daga can. Da dillalin ya dawo, Hafsa ta shiga ta zaɓi bulalarta, ni na zauna a mota.