Zoɓon da Iya Delu Ba Ta Kushe Ba

Ga labarin nan gare ku, a saurare shi da kyau, domin an daɗe ana ba da shi a karkace.

A Unguwar Tsamiya akwai wani mutum mai suna Nomau. Yana zaune da yayarsa Tabawa da kawunsu Sallau mai tsire, wanda tukubarsa ke bakin kasuwa. Mutane suna kiran Nomau wawa, alhali laifinsa ɗaya ne: abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Masu ba shi umarni a hargitse kuwa, babu wanda ya taɓa laƙaba musu suna.

Wata rana Kawu Sallau ya kewaye wuta da tsire, naman sa da albasa da tattasai, ya sha ƙuli da mai. Zai je alwala, ya ce wa Nomau kada ya ɗauke ido daga wutar. Nomau ya ƙura mata ido har hayaƙi ya sa shi hawaye. Shirwa ta sauko ta yi gaba da tsinke guda, sauran ya ƙone ƙurmus. Kawu ya dawo yana salati. Nomau bai ko juyo ba, ya ce, "Kawu, wutar tana nan, ba ta je ko'ina ba."

Wata rana masu cin tsire suka yi ƙorafin yaji yana ƙona su babu abin korawa. Kawu ya aiki Nomau neman zoɓo, ya ce ya ɗanɗana kowanne kafin ya saya. Nomau ya bi kasuwa rumfa-rumfa, ya shiga unguwa gida-gida, har da gidan da aka dafa don mara lafiya. Ya dawo ciki kamar tulu, leɓe jawur, hannu babu komai. Ya ce saura na matar mai unguwa, ta tafi ta'aziyya, sai ta dawo ya ɗanɗana sannan ya saya.

Wata rana kuma aka ce ya kawo zoɓo mai sanyi, kada ya bari rana ta gan shi. Ya saya da hantsi, ya shige gindin tsamiya ya rungume jarkar, yana matsawa duk inda inuwa ta matsa. Sai da aka kira magariba ya iso, lokacin Kawu yana kankare tire. Nan Kawu ya rantse cewa in aka ƙara ɗaya, zai tura shi ƙauye kiwon awakin ƙaninsa. A ƙauye babu Tabawa, ita kaɗai ce ke gaya masa magana daki-daki, kuma ba ta dariya idan ya tambaya.

Wata rana Liman ya dawo daga Makka, ya ba Kawu Sallau aikin tsiren walima da abin sha. Kawu yana tsakiyar tsira nama ya ce, "Nomau, je wajen Uwani mai zoɓo ka ɗauko mana. Ka zaɓo wanda ko Iya Delu ba za ta kushe ba."

Haka ake faɗa a garin idan ana nufin abu mai kyau, domin Iya Delu tsohuwa ce da ke kushe komai, har ruwan sama ta taɓa cewa bai kai na da jiƙa ba. Kowa yana faɗa, babu mai zuwa wajenta. Nomau ya ɗora jarkokin Uwani a baro, ya wuce ta gaban tukuba Kawu yana ƙwala masa kira, ya nufi ƙarshen gari.

Iya Delu ta kushe sallamarsa, ta kushe baron, sannan ta buɗe jarka. Murfin ya yi huci, kumfa ta taso. Ta ɗanɗana ta tofar.

"Angona, wannan ya kwana cikin zafi, ya fara juyawa. Mutum ya dawo daga Makka za ku tare shi da wannan?"

Nomau ya ce to ya shiga uku, don an ce kada ya koma sai da wanda ba ta kushe ba, kuma in bai koma ba ƙauye zai tafi. Ya zauna a ƙofar ɗakinta. Ta kore shi, ya ƙi tashi. Da ta gaji, ta aika aka kira Tabawa, ta fito da busasshen zoɓonta da citta da kanumfari. Ta ce nama mai maiƙo da yaji ba ya son zaƙi, tsami yake so, a rage sukari. Suka dafa, suka tace, suka sa ƙanƙara. Iya Delu ta kurɓa. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta tuna aikin hannunta ne, ta rufe.

Nomau ya jira kaɗan, ya ce, "Yaya, ba ta kushe ba." Ya tura baro a guje.

Ya iso ana sauke tsire, Kawu ya riga ya gaya wa mutane gobe za a sa shi a mota. Liman ya ci yanka guda da albasa, ya kora, ya miƙo kofi a ƙara. Tabawa ta ja Kawu gefe ta buɗe masa jarkar Uwani. Ya shinshina, ya dubi Liman da malaman da ke kewaye da shi, ya mayar da murfin a hankali.

Haƙƙin Nomau ne a ba shi haƙuri a gaban jama'a kamar yadda aka zage shi a gabansu, kuma har yau ba a ba shi ba. Abin da Kawu ya yi kawai shi ne ya miƙa masa tsinke mai kitse, ya nuna benci kusa da tukuba, ya ce, "Zauna nan. Ba inda za ka."

Nomau ya zauna. Da aka kira la'asar ya ɗago kai ya ce, "Kawu, har masallaci?"

Nan labarin ya tsaya, wanda ya ji kuma ya gyara yadda yake ba da shi.