Nomau da Randar Gwaggo Tabawa

A wani ƙauyen Maguzawa akwai wata tsohuwa, Tabawa, wadda ta shahara da dafa burukutu. Daga ita sai ɗan ƙanenta Nomau, ƙato mai ƙarfi, wanda duk abin da aka faɗa masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. A daminar nan ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ga ciyawa ta cinye gona. Ta kira gayya, kuma kowa ya san mutanen ƙauyen ba sa ɗaga fartanya idan babu abin sha. Dole ta koya wa Nomau aikin daga kan tabarma.

Wata rana ta ce, "Nomau, ɗebo ruwa ka jiƙa dawa, muna son tsiro." Ya ɗauki tulu ya nufi bayan gari. Har la'asar yana zirga-zirga tsakanin rafi da daji. Da ya dawo ya ce, "Gwaggo, dawan nan da faɗi yake. Ko gefe ɗaya ban gama ba." Ta dube shi, ta dubi buhun dawar da ke jingine a bushe, ta ce ya jawo mata shi kusa.

Wata rana, bayan tsiro ya bushe an niƙa an dama, ta ce, "Ɗora tukunya ka ba ta wuta." Ya ɗora, ya kwaso garwashi cike da kasko ya juye a ciki. Ya leƙa ya ce, "Ta karɓa, har ta ce cuu." Aka zubar, aka sake damawa. Ta ce to yanzu ya sa ido. Ya kifa fuskarsa a bakin tukunyar, tururi ya dafa masa gira, ruwan ya yi ta bori yana zuba a murhu bai motsa ba.

Wata rana dai aka samu aka tace, aka juye a randa ƙarƙashin rumfa, ana gobe gayya. Tabawa ta zuba ragowar tsohuwar giya a kai, ta ce, "Shi ke nan. A bar ta ta kwana, gobe za ta tashi." Nomau ya ga babu mai kwana a tsakar gida da damina. Ya rungumi randar ya kai ɗakinsa, ya lulluɓe ta da gwadonsa, shi ya kwanta a zaure.

Da gari ya waye, Tabawa ta dogara sanda ta fito. Ruwan da aka kwana ana yi ya kayar da katanga a kan rumfar, tukwane duk sun zama tsingaro. Ga masu gayya sun fara taruwa. Ta zauna a ƙasa tana duban inda aka bar randar.

Sai ga Nomau ya fito yana sanɗa. Ya ce, "Gwaggo, ta tashi. Amma ki bi ta a hankali, sai kumfar baki take yi."