Rasuwar Mai Sheƙi, Sandar Golf ɗin Baban Tagwaye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ya yi nauyi har mai shi ya daina jin sa, iyalan Baban Tagwaye, shugaban sito a kamfanin sayar da injinan ban ruwa, suna sanar da 'yan uwa da abokan aiki da maƙwabta rasuwar sandarsa ta buga ƙwallon golf, wadda aka fi sani a gida da Mai Sheƙi. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, a tsakiyar fili, a gaban shaidu, bayan gajeriyar rashin lafiyar da mai ita bai taɓa yarda cewa rashin lafiya ce ba. Ta rasu da ƙuruciyarta, ko ledar da aka naɗe mata a hannu ba a gama ɓarewa ba.

Babu wanda ya san takamaiman inda aka haifi marigayiyar. Baban Tagwaye ya haɗu da ita ne a yanar gizo, wata rana lokacin hutun cin abinci, yana zaune kan kwali a ofishinsa na ƙuryar sito. Shafin ya ce 'yar babban gida ce, ya jera hotunanta ta gaba da ta gefe, ya kuma sa mata farashin da bai kai rabin rabin na kanti ba. Ya daɗe yana kallon ta. Ya san araha ba ta ado, shi da ya ga jiya ya ga yau a harkar kaya. Sai dai a lokacin ritayarsa ta matso, tagwayensa mata ba su gama karatu ba, kuma maganar da ke yawo a kamfani ita ce sabon manaja zai ƙara wa wasu tsofaffin ma'aikata wa'adi, wasu kuma a sallame su.

Wanda ya kawo masa maganar shi ne amininsa tun suna samari, babban makanikin kamfanin, wanda ake kira Rediyo saboda ba ya gajiya da magana. Shi ya ce masa, "Mutumina, kai kana nan kana jera kwalaye, can a filin golf ake yanka a raba ranar Asabar. Nemo sanda ko ɗaya ce, ni zan shigar da kai."

Haka Mai Sheƙi ta iso gida cikin dogon kwali, a bayan babur.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da kyan gani. Doguwa ce, siririya, kanta yana ɗaukar ido ko a ɗaki mai duhu. Ba ta da ci, ba ta da ƙorafi. Tana kwana a bayan ƙofar ɗaki, naɗe da tsohon bargo, a wurin da a da Maman Tagwaye ke jingine tsintsiya. Albarkacinta mutumin da bai taɓa motsa jiki ba sai ɗaga waya ya koma tashi da sassafe, ya fita filin da ke bayan gidansa, ya jingina wayarsa da bokiti, yana kwaikwayon masu koyarwa a bidiyo. Tumbinsa ya ragu. Tafiyarsa ta miƙe. Ba ta da yawan magana, amma maƙwabta sun san muryarta: fiiiu in ta yanki iska, tas in ta sami ƙwallo. Lemun tsamin da ke faɗowa daga bishiyar gidan ma sun san ta, gilashin tagar banɗaki ya san ta sani na ƙarshe.

Rashin lafiyar ta fara ne a hankali. Da farko tas ɗin nan ya koma ƙwas. Daga baya, in aka girgiza ta, sai a ji wani abu a cikin kanta yana caka-caka kamar tsakuwa a gwangwani. Rana ɗaya da zafi ya yi yawa, wani baƙin abu mai danƙo ya tsattsafo daga wuyanta, daidai inda kai ya haɗu da jiki. Ɗaya daga cikin tagwayen, mai karatun jinya, ta ɗauke ta ta juya, ta ce, "Baba, sunan nan da ke kanta fa kamar harafi ɗaya ya yi yawa. Kuma ga shi yana ɓarewa."

Ya ce, "Sabon samfuri ne. Ajiye ta, kar ki sa mata maiƙo."

Duk da haka ya aika wa mai sayarwa tambaya a ɓoye. Amsa ta zo nan take, cewa haka masu kyau suke yi in sun fara sabawa da hannu. Ya karanta, ya goge wuyan da tsumma, ya mayar da ita cikin bargo.

Ranar da abin ya faru gari ya yi kyau. Ciyawar filin a aske take kamar darduma, babu motsin komai sai na'urar fesa ruwa da ke juyawa can nesa. Manaja ya buga nasa, ƙwallo ta tafi, aka tafa. Sai Baban Tagwaye ya matso cikin sabbin fararen takalma, ya ɗora ƙwallonsa, ya gyara tsayuwa. Rediyo na tsaye can gaba ta gefe, kusa da manaja, yana yi wa amininsa kamfe.

"Yallaɓai, wannan da kake gani, tun da aka ba shi sito ko ƙusa ba ta taɓa ɓata ba. Ni shaida ne, don ranar da ruwa ya shigo mana, shi kaɗai ya..."

Mai Sheƙi ta ce fiiiu. Ƙwallo ba ta motsa daga inda take ba. Kan sandar ne ya rabu da jikinta ya tafi, ya sami Rediyo a muƙamuƙi, da wata ƙara gajeriya wadda ita ce maganar marigayiyar ta ƙarshe. Kan ya faɗi a ciyawa ya dare biyu, yashi da garin ƙarfe suka zubo daga ciki. Rediyo ya durƙusa, ya riƙe fuska da hannu biyu, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa yana sauka kan riga.

Shaidu sun ce kowa ya ruga sai Baban Tagwaye. Yana nan tsaye yadda bidiyo ya koya masa a tsaya bayan bugu, sanda a kafaɗa, dunduniya ɗaya a sama. Shi da kansa ya ce abin da ya iya tunawa kawai shi ne yana kallon na'urar fesa ruwan nan, yana lissafin wane irin inji ne zai iya tura ruwa har can.

A asibiti ya zauna kan benci a doguwar baranda mai warin magani. Matar Rediyo ta iso da takalmi wari da wari, ta shiga, ta daɗe, ta fito. Ta tsaya a kansa. Ya jira zagi, ko kuka, ko mari. Sai ta ce a hankali, "Baban Tagwaye, ajiye sandar nan mana."

Ya duba hannunsa. Ashe tun daga fili yana riƙe da gangar jikin marigayiyar, bai sani ba.

Likita ya ce ƙashin ya karye, an ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, abinci sai mai ruwa ta bututu har ƙashi ya haɗe. Ya ƙara da cewa da abin ya hau sama da faɗin yatsa biyu, da wata sanarwar ce za a karanta, ba wannan ba.

An yi ƙoƙarin sanar da dangin marigayiya. Shafin da aka same ta ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Lambar mai sayarwa a kashe take. Kantin da ke sayar da sandunan gidan da ta ce nasu ne ya duba ragowarta da ladabi, ya ce su ba su da 'ya mai wannan kama. Ta zo daga gidan ƙarya, ta riga mu gidan gaskiya.

Ranar Litinin Baban Tagwaye ya tafi aiki kamar kullum. Manaja ya gaishe shi daga bakin ƙofar sito, bai shigo ba. Bayan 'yan kwanaki labari ya iso cewa an ƙara wa wasu wa'adi, shi ba ya ciki. Ya ce, "To," ya ci gaba da duba kwalayen da aka sauke. A gida Maman Tagwaye ta shirya jin faɗa, ta shirya rarrashi, babu wanda aka buƙata. Yana cin abin da aka ajiye masa, in an tambaye shi gishiri ya ji, sai ya ce ya ji. Ta ce da 'ya'yanta ita da ya fasa kwano ma da hankalinta ya fi kwanciya.

Kullum in ya tashi daga aiki asibiti yake wucewa, ya ja kujera kusa da gadon amininsa ya zauna. Sau ɗaya ya buɗe baki ya ce, "Mutumina, ni fa..." Rediyo ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Ya kwaikwayi bugun da hannu ɗaya daga kwance, ya girgiza kai, ya nuna ƙugun Baban Tagwaye, wato ko da sandar ta gaske ce, tsayuwar ma ba daidai take ba. Ya so ya yi dariya, wayar baki ta hana shi, hawaye suka zubo masa don zafi. Baban Tagwaye ya gyara masa matashi, ya fita ya tsaya a bakin matakala har lokacin ziyara ya ƙare.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙwallo ɗaya cikin ƙoshin lafiya, da safar hannu ta hagu, da hular rana, da fararen takalman da aka sa sau ɗaya. Ta kuma bar 'yan uwa mata masu tarin yawa a yanar gizo, duk kamarsu ɗaya, waɗanda har yau suke leƙowa ta wayar Baban Tagwaye suna cewa an yi musu ragi. Iyalai suna roƙon jama'a, duk wanda ɗaya daga cikinsu ta yi wa sallama, kada ya amsa.

Game da jana'iza, an fara kai ta wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya ce abin da ke jikinta bai isa a ɗora a sikeli ba. Maman Tagwaye ta nemi a bar mata gangar jikin don share yanar silin, mai gida ya ce a'a, kuma ita ce magana mafi tsawo da ya yi a makon. Saboda haka an tsayar cewa za a miƙa ta ga motar kwasar shara, a bakin layi, da safe, ranar Larabar farko bayan an sallami Rediyo, domin ya nuna da hannu cewa shi zai jefa ta da kansa. Kafin nan gawar tana filin da ke bayan gidan, kusa da bokiti, ba a rufe ba.

Ba za a yi zaman makoki ba. Masu son yin ta'aziyya su wuce asibiti da ruwan 'ya'yan itace marar gudaji. Waɗanda suka zo da niyyar cewa "ai da ka tambaye ni" ana roƙon su bar ta a aljihu.

Baban Tagwaye ya ce zai halarta. Da aka tambaye shi ko zai ce wani abu a wurin, ya ce ba shi da abin faɗa. Shi dai, in motar ta tafi, a ba shi wani abu ya riƙe.