Ranar da Na Amsa wa Habiba Tambaya

Shekara talatin ina ɗinki a unguwar Briqueterie, kuma a tarbiyyarmu uba ba ya barin ɗansa ya kunyata a gaban manya. Da wannan na tafi jami'a ranar da 'yata Habiba za ta kare bincikenta.

A taksi ta yi mini bayani. Akwai dokar manyan abubuwa, taurari da lokaci, akwai ta ƙananan da ido ba ya gani. An haɗa su ta fannin gudun haske, amma ƙarfin da ke jawo abu ƙasa ya ƙi shiga lissafin. Na ce na gane sarai.

Shugaban malaman, wani dattijo, ya tambaye ta me ya hana haɗuwar. Habiba ta tsaya shan ruwa. Na ɗauka ta kasa, sai na miƙe da Faransancina na kasuwa.

"Ranka ya daɗe, na ɗaya, a auna babbar. Na biyu, a auna ƙaramar. Na uku, a rage wadda ta yi yawa, a bar wurin ɗinki."

Habiba ta ce, "Baba, don Allah zauna, za su kayar da ni."

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Merci, Alhaji, mu ma a wajen awon muka tsaya." Ya bar ta ta amsa, ta ci da yabo. Har yau ina yi masa addu'a.

Sai dai ƙanena Sale, da ya raka mu, ya kai labarin unguwa. Yanzu duk mai karɓar ɗinki sai ya leƙo shago ya ce, "Farfesa, an gama auna taurarin, ko in dawo jibi?"